Shin mutum zai iya rayuwa da yin lacca kan fasahar zamani a Legas?

Malamin Kwamfuta, Agege:

Assalamu alaikum. Ina koyar da kwamfuta a wata sakandare mai zaman kanta a nan Agege, kuma tun bayan fitowar ChatGPT, manhajar nan da ke amsa tambayoyi da yin rubutu kamar mutum, a ƙarshen 2022 ake yawan gayyata ta in yi wa iyaye da ɗalibai bayani kan ƙirƙirarriyar basira da abin da za ta yi wa karatu da ayyukan yi. Sau biyar na yi irin wannan laccar a bara, amma abin da ake ba ni bai wuce kuɗin mota da kwalbar lemo ba. Ina tunanin ajiye koyarwa in rungumi wannan a matsayin sana'a, don haka nake neman shawarar waɗanda suka riga ni.

Injiniyan Manhaja, Yaba:

Wa'alaikumus salam, Malam. Shawarata ita ce kada ka ajiye alli tukuna, domin a wannan fage ana sauraron mutum ne saboda aikin da ya yi kafin ya hau mumbari. Dubi Bosun Tijani: yana cikin waɗanda suka kafa CcHub a 2010, cibiyar fasahar nan ta Yaba da Mark Zuckerberg mai Facebook ya ziyarta a 2016, kuma ya shafe shekaru yana renon ƙananan kamfanoni kafin a naɗa shi ministan sadarwa a 2023. Kai ma ajin da kake koyarwa shi ne jarinka, tun da kana gani da idonka yadda yara ke kwafo amsa daga waya su kawo maka a matsayin aikin gida, abin da mu da muke zaune a ofis sai dai mu ji labari.

Batun kuɗi kuwa, a manyan tarukan da ake yi a Victoria Island ba kasafai ake biyan sabon mai jawabi ba, sai dai a ba shi katin shiga da abincin rana. Inda ake samun abin kai wa gida shi ne horas da ma'aikata, wato wani kamfani ko makaranta ta ji ka a taro ta kira ka ka koyar da mutanenta na kwana ɗaya ko biyu. Laccar talla ce kawai.

Hajiya Mai Makaranta, Idi-Araba:

Na yarda da Injiniya, amma ya tsallake abin da ya fi muhimmanci, wato harshe. Na taɓa gayyato wani saurayi ya yi wa iyayen ɗalibanmu jawabi, ya zo da kwat da majigi, yana ta zuba Turanci. Ana cikin haka aka ɗauke wuta, janareta ya ƙi tashi, sai ga shi ya tsaya cak yana latse-latsen kwamfutarsa, saboda duk abin da ya sani yana cikin hotunan nan. Wani dattijo mai sayar da albasa a Mile 12 ya tashi ya ce shi tambayarsa ɗaya ce, ɗansa ya gama sakandare, ya tura shi koyon gyaran waya a kasuwar Computer Village ko ya lallaɓa ya biya masa jami'a? Mai jawabin bai iya ba shi amsa ba.

Ƙanena, idan za ka iya amsa irin wannan tambaya da Hausa, ka bayyana wa mutane yadda ake shiga shirin 3MTT da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2023 don horas da matasa miliyan 3 kan fasahar zamani, to ba ka da abokan gasa da yawa daga Agege har Alaba Rago. Sai dai ka yanka kuɗinka tun kafin ranar taro, domin mu masu makarantu idan ba a faɗa mana ba, addu'a muke bayarwa.

Malamin Kwamfuta, Agege:

Na gode, Allah ya saka da alheri. Zan ci gaba da koyarwa, in riƙa karɓar gayyata ranakun Asabar kaɗai. Hajiya, idan za ki sake tara iyayen nan bayan hutu, a shirye nake in zo ba tare da majigi ba, kuma ina roƙon a gayyato dattijon nan na Mile 12.