Muhawara: "Shagona ne, kyamarata ce, zan saka bidiyon ɓarawo a Facebook"

Alhaji Bala: Ni dai ban ga laifi ba. Mai shago ya sayi kyamara da kuɗinsa, ta kama ɓarawo, me zai hana ya tona masa asiri?

Barista Hauwa: Alhaji, kyamarar taka ce, fuskar da ta ɗauka ba taka ba ce. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗauki hoton da za a iya gane mutum a matsayin bayanansa. Sassaucin da ta yi na amfanin gida ne, shago bai shiga ba. Ka ɗauka don tsaro, sai ka tsaya kan tsaro: ka miƙa wa 'yan sanda. Tarar ƙaramin kamfani tana iya kai naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigarsa na shekara, wanda ya fi yawa.

Alhaji Bala: Ɓarawo ma har da haƙƙi?

Injiniya Musa: Ranka ya daɗe, wa ya tabbatar shi ne? Kyamarar da aka kafa a rufi hula take ɗauka, ba fuska ba. Da dare kuma hoton baƙi da fari ne, ja da kore duk ɗaya. Ka yaɗa, a far wa wani mai kama da shi.

Barista Hauwa: Kuma a kotu sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 yana neman takardar tabbatar da cewa na'urar na aiki daidai. Bidiyon da aka ɗauko da waya daga allo lauya zai yi kaca-kaca da shi.

Injiniya Musa: Ga agogo ma. Idan ƙaramin batirin DVR, wato na'urar da ke adana bidiyon, ya mutu, ana ɗauke wuta kwanan wata zai rikice. Sannan kyamara huɗu, kowace tana ɗauka a kan saurin 2Mbps, suna cinye ma'ajiya mai girman 1TB cikin kwana 11, sabon hoto ya hau kan tsoho. A kwafe a filashi tun ranar.

Malam Idi: Ni abin da na ƙi yarda da shi shi ne a kafa allon sanarwa cewa akwai kyamara a shago. Ai ankarar da ɓarawo ke nan.

Injiniya Musa: Malam, ankararwar ake so, wasunsu daga ƙofa suke juyawa. A rubuta da Hausa da Turanci, da lambar wanda za a tuntuɓa. Kar a kafa kyamara a banɗaki da ɗakin gwada kaya. Inda kyamara ke leƙa gidan maƙwabci, a rufe wurin daga saiti.

Malam Idi: Allon dai ban gamsu ba.