Tafiya Alaska a ƙaramin jirgin ruwa: wane wata ya fi dacewa?

Baƙon Teku: Assalamu alaikum. Ni da maiɗakina muna shirin zuwa jihar Alaska ta Amurka domin mu ga tsaunukan ƙanƙarar Glacier Bay, wani gandun ƙasa da ke bakin teku, sai dai kuɗin ƙaramin jirgi ya zarce na babba nesa ba kusa ba. Shin bambancin ya cancanci kuɗin, kuma wane wata ya fi dacewa?

Mazaunin Juneau: Wa alaikumus salam, Malam. Lokacin zirga-zirgar yana farawa ne daga Mayu zuwa Satumba, kuma a Yuni hasken rana yakan kai kimanin sa'o'i 18, don haka ku tanadi jadawalin lokutan salla tun daga gida. Manyan jirage biyu kacal hukumar gandun ke bari su shiga Glacier Bay a rana, kuma ba sa iya kutsawa lungunan da ƙaramin jirgi ke kwana a ciki, inda ake sauke fasinjoji cikin kwale-kwale su matsa kusa da gaɓa.

Hajiya Mai Yawo: Ranka ya daɗe, ni dai ban yi da-na-sanin shiga ƙaramin jirgi ba. A gaban ƙanƙarar Margerie, ɗaya daga cikin tsaunukan ƙanƙarar Glacier Bay, matuƙinmu ya kashe inji, muka yi tsit, sai ga wani ɓangare ya ɓalle ya faɗa ruwa da ƙara kamar tsawa, igiyar ruwan da ya tayar ta zo ta girgiza jirgin. Amma ruwan sama bai raga mana ba, safar hannuna ta jiƙe sharkaf tun ranar farko.

Baƙon Teku: Na gode, Hajiya. Yuni za mu nema, da rigunan ruwa a cikin jaka.