Holdar ƙwan fitila ta ƙone, zan iya canza ta da kaina?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Holdar ƙwan fitilar falonmu ta tsage, gefenta ya yi baƙi, ƙwan sai ƙyaftawa yake yi, wani lokaci har ƙaurin roba ake ji. Na sayo sabuwa. In na kashe makunnin bango ya isa in hau in canza, ko in bari sai an ɗauke wuta? Don Allah masana a taimaka.

Mai Wayarin:
Wa alaikumus salam. Malam, duka biyun babu wanda zai kare ka. Ɗauke wuta ba tabbas gare ta ba, ana iya dawo da ita hannunka na kan waya, kuma bolt 230 ce. Makunnin bango kuwa, ƙa'ida ita ce ya yanke waya mai wuta, amma a gidaje da yawa kan nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, aka ɗaura shi. Sai ƙwan ya mutu, holda kuwa na nan da wutarta.

Shawarata ka yi aikin da rana, lokacin da akwai wuta, don testa, wato sukundireban gwada wuta, ta gaya maka gaskiya. Fara gwada ta a soket ka ga ta kama. Sannan ka je akwatin bureka, wato makunnan da ke yanke wutar gida, ka sauke ta fitilu, galibi 6A ce ko 10A. In ba ka tantance ta ba, sauke babbar gaba ɗaya. Kashe janareta, ka kashe inbata, don ita aka fi mantawa alhali fitilu aka fi ɗora mata. Ka gaya wa mutanen gida kada kowa ya ɗaga bureka. In ka hau, taɓa kowace waya da testa ɗaya bayan ɗaya kafin ka sa hannu.

Injiniyan Unguwa:
Ƙari kan bayanin Oga. Tsani na katako, takalmin roba, hannu a bushe. Kafin ka kwance komai, ɗauki hoton wayoyin da wayarka. A tsohon wayarin ja ce mai wuta, baƙa nutural. A sabo ruwan ƙasa ce mai wuta, shuɗiya nutural. Kore mai ratsin ɗorawa ita ce wayar kariya da ke kai wuta ƙasa, in fitilar mai jikin ƙarfe ce dole a ɗaure ta a jikin.

Bakin wayar da ya ƙone ka yanke shi har sai ka ga jan ƙarfe mai sheƙi, ka fere kamar milimita 8 zuwa 10, kada ya wuce. Murɗe zaren, zura shi duka, ɗaure sukurun sosai, sannan ka ɗan ja wayar. In ta motsa, sake ɗauri. Yawancin ƙonewar holda daga nan take: ɗauri ya yi sako-sako, wuta tana tartsatsi a ciki, zafi ya cinye robar. In holdar mai murɗawa ce, E27, waya mai wuta ta tafi ƙarfen tsakiya na can ciki, don kada zoben da yatsa ke iya taɓawa ya ɗauki wuta. Mai fil biyu, B22, duk inda ka sa daidai ne.

Baba Mai Gyara:
Ɗana, duba ƙwan da ke ciki ma. Tsohon ƙwai mai wat 100 yana gasa holdar roba. Sa LED mai wat 9, haskensa ya kai na tsohon wat 60, zafinsa kaɗan ne.

Amma ga inda za ka tsaya. In ka buɗe ka ga wayoyi sun kai shida, to wutar wasu ɗakuna ta nan ta bi, kuma ɗaya daga cikin baƙaƙen wadda ta dawo daga makunni ce, mai wuta ce. Ka haɗa ta da nutural, kana kunnawa bureka za ta faɗi. Haka in robar wayar tana marmashewa har cikin silin, ko akwai tabon yoyon kwano kusa da wurin. Salatif ba ya maganin wannan, kira mai gyara ya ja sabuwar waya mai kaurin milimita sukwaya 1.5.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Wayoyi biyu ne kawai, ja da baƙa. Gobe da hantsi in sha Allahu zan sauke bureka in yi.