Fitsari na zubo min kuma ina yin fitsari da kaina, akwai wacce ta taɓa gani?

Maman Biyu: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu kenan da aka min aiki aka ciro min yaro, kwana 9 bayan aikin na fara jin jiƙewa, da farko na ɗauka ruwan biƙi ne sai da zarni ya fara tashi. Abin da ya ɗaure min kai fitsari yana kama ni, in je banɗaki in yi lafiya lau, amma kunzugu a jiƙe dare da rana har cinyoyina sun saɓule. Inda na haihu sun ce sanyi ne, kwalin magani uku na shanye babu canji. Don Allah wacce ta san abin nan ta yi magana, ko sallah ban san yadda zan yi da ita ba.

Hajiyar Kanti: Wa alaikissalam ƙanwata, sannu, Allah ya ba ki lafiya. Irin nawa ne sak, ni bayan cire mahaifa ne. A asibitin yoyon fitsari na Babbar Ruga ta Katsina aka gano, sun sa min robar fitsari suka ɗura wani shuɗin ruwa kamar bula a mafitsara, suka sa auduga ta gaba. Da aka ciro audugar a jiƙe take sharkaf amma ko ɗigon shuɗi babu, likitan ya ce to mafitsara ba ta huje ba, bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda ne ya ji ciwo. Wallahi ranar kuka na yi, don wata bakwai ina yawo ana ce min ba komai.

Anti Nas: Hajiya ta faɗi daidai. Ƙoda biyu ce kowacce da bututunta, ɗaya na cika mafitsara shi ya sa kike jin fitsari, ɗayan kuma yana tsiyaya ta gaba. Ki ce a miki sikanin na ƙoda, sau da yawa ta gefen ciwon takan kumbura, sai kuma hoton da ake allurar ruwa a jijiya a bi hanyar fitsarin. In zazzaɓi ko ciwon kwiɓi ya zo kar ki kwana a gida.

Umman Yara: Ni ba aiki ba ne, 'yata ce, da shi aka haife ta. Har ta shekara 6 wandonta bai taɓa bushewa ba alhali tana zama a fo ta yi fitsarinta, na dake ta, kakarta ta yi ta jiƙa mata magani wai fitsarin kwance ne, a islamiyya yara suna matsawa daga kusa da ita. Ashe ƙodarta ta hagu bututu biyu gare ta, ɗaya ya wuce mafitsara ya buɗe a waje. Sikanin biyu ba su nuna ba sai a babban hoto na uku. An yi mata aiki yanzu ras take, amma dukan nan har yau in na tuna sai zuciyata ta karye.

Maman Biyu: Na gode Allah ya saka da alheri. Hajiya gwajin shuɗin ruwan yana da zafi? Kuma zan iya zuwa da jaririn tunda nono yake sha? Baban su ya ce Litinin za mu kama hanya in sha Allah.

Hajiyar Kanti: Sa robar ne kawai ɗan zafi. Ki je da shi, ki tafi da mai riƙe miki shi, kuma kar ki manta takardar sallamar da aka ba ki bayan aikin.