Wagon mai jan ƙafa huɗu: waɗanda suka riƙe su ba mu labari

Baban Iman, Kaduna:
Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka taɓa riƙe wagon mai jan ƙafa huɗu, irin wadda ake rubuta wa AWD a baya. Iyali sun yi wa ƙaramar motata yawa, kuma da damina hanyar gonarmu lalacewa take yi, sai dai in ajiye mota a bakin titi in hau acaɓa. Jif ta fi ƙarfin aljihuna. Dillali ya nuna min Subaru Outback ta 2011 da Pontiac Vibe mai AWD, wani abokina kuma yana ta zuga ni a kan Volvo XC70. Don Allah wanda ya hau ya yi magana, ban da "an ce".

Ɗan Mambila:
Wa alaikumus salam. Outback ta 2008 nake hawa, kuma tsakanin Jalingo da Gembu nake zirga-zirga. Duk wanda ya san hawan dutsen nan bayan an wuce Serti, ga hazo ga ruwa, ya san abin da nake nufi. A nan motar take biyan kuɗinta: kana shan kwana a jiƙaƙƙen titi ba ta zamewa, inda mai jan gaba ke ta kartar ƙasa ita wucewa take yi abinta. But ɗin kuma, idan ka kwantar da kujerun baya, buhunan masara da jarkoki duk shiga suke.

Amma kada wani ya ruɗe ka, ba Hilux ba ce. Ba ta da ƙaramar giyar nan ta fita daga taɓo. Ranar da na bi wata hanyar rafi, cikinta ya zauna a kan laka, tayoyi huɗu suna ta juyawa a banza, sai da samarin ƙauye suka ɗaga ta. Mai kuma tana sha fiye da mota mai girmanta mai jan gaba, tunda ƙarin ƙarfe take ja kullum. Kafin a cire tallafin mai a 2023 ban damu ba, yanzu kam ina lissafi.

Oga Bakanike, Panteka:
Malam Baban Iman, kafin a yi maganar kuɗi, a kai motar kan rami ka shiga ƙarƙashi da tocila. Nemi furofela, dogon ƙarfen da ya taso daga giyabos zuwa baya. Wallahi motoci da yawa suna shigo min gareji da AWD a rubuce a jiki, ka leƙa ƙasa babu furofela, an cire an jefar. Wasu don ta fara ƙara ne mai ita ya guje wa gyara, wasu kuma wai don ta rage shan mai. Ka biya kuɗin ƙafa huɗu ka tafi gida da biyu.

Bayan nan ka samu fili, ka murɗe sitiyari har ƙarshe, ka yi ta zagaye a hankali, dama da hagu. Idan ka ji tana tirjewa ko tana tsalle kamar an taka birki, abin da ke raba ƙarfi tsakanin gaba da baya ya fara ciwo. Ka bar ta.

Abin da ke kashe shi kuwa taya ne, kuma nan mutanenmu suka fi faɗawa. Mu nan mun saba taya ɗaya ta fashe, a je a sayo Beljiyam guda ɗaya a ɗaura, ko wace iri ce. Motar jan gaba za ta yi haƙuri, wannan ba za ta yi ba. Tsohuwar taya ta fi sabuwa ƙanƙanta, saboda haka ta fi ta yawan juyawa, sai motar ta ɗauka wata ƙafa ce ke zamewa, ta yi ta kama kulocin tsakiya, wato mai raba ƙarfin nan, tun daga Kaduna har Kano, ya yi zafi ya cinye. Kamar ka ɗaura wa garma ɗaya sa dogo da gajere ne. Tayoyi huɗun su zama kamfani ɗaya, lamba ɗaya, kuma bambancin zanensu kada ya kai milimita 2. In ba za ka iya canja huɗu a tare ba, to motar nan ba taka ba ce. Haka in ta lalace a hanya, kada ka yarda janwe ya ɗaga gaba ya ja ta a kan tayoyin baya. Ɗora ta ake yi gaba ɗaya a bayan babbar mota.

Alhaji Tsohon Direba:
Yaran zamani da son wahala. Mu da Fijo 504 wagon, haɗin Kaduna, jan baya kawai, babu ƙauyen da ba mu shiga ba, da fasinja da kaya har saman rufi. Sanin hannu ne da taya mai kyau. Ɗana, hanyar gonar nan wata nawa take lalacewa a shekara? In wata uku ne, kuɗin acaɓa bai kai kuɗin taya huɗu ba.

Maman Amir, Toronto:
Baba ya yi gaskiya ta wani ɓangaren, amma bari in ƙara abin da ake gani daga nan. Masu sayen irin motocin nan sabbi su ne mutanen wuraren da dusar ƙanƙara ke zuba, kamar nan Ontario da arewa maso gabashin Amurka, kuma gishiri ake watsa wa titi duk hunturu. Gishirin nan cin ƙarfe yake yi daga ƙasa. Motar maƙwabciyata fentinta tas, amma bakanike ya caka sukudireba a ƙarfen da ke riƙe da tayoyin baya, sai ga shi ya huda. Irinsu ake tarawa a gwanjo a loda a jirgin ruwa. In ka ga an fesa wa ƙarƙashin mota baƙin fenti sabo fil, ka tambayi abin da ake rufewa. Ka duba bututun birki da kyau. Sannan ka ɗauki lambar shasi, haruffa da lambobi 17 da ke gindin gilashin gaba, ka biya a duba maka a Carfax, shafin intanet da ke ajiye tarihin motocin Amurka da Kanada. Za ka ga inda ta zauna, da ko ta taɓa haɗari ko ambaliya.

Nima Outback nake kai yara makaranta da ita. Tashi ne take taimakawa, ba tsayawa ba. Birkinta irin na kowace mota ne.

Injiniya, Abuja:
XC70 gare ni, kuma wajen daɗin doguwar tafiya ban ga kamarta ba, kujerun kaɗai sun isa. Daga ta 2003 zuwa sama, jan gaba take yi, sai gaba ya zame bayan ke kamawa, ta wata na'ura mai suna Haldex da ke da manta na daban da ƴar tacewa. An san wani ƙarfe mai haƙora da ke haɗa giyabos da sashen baya yana cinyewa, kuma ba lallai wata fitila ta kama ba. Ta farko da aka kawo min, na sa gabanta a kan yashi na taka, tayoyin gaba suka yi ta haƙa rami, na baya ko motsi. Na mayar wa dillali makullinsa. Matsalata ɗaya ita ce kayan gyara: abin da ban samu a Apo ba sai na aika Ladipo a Legas, motar ta kwana biyu a gareji. In ba ka da wata motar, ka yi tunani.

Malama Ƴar Zariya:
Yaya, ni dai Vibe zan ce. Toyota Matrix ce aka sauya wa riga, injin Toyota ne a ciki, duk bakaniken da ya san Corolla ya san ta, kayan gyara kuma ko a Kofar Ruwa ko a Panteka. Sai dai gajera ce, a hanyar ƙauyenmu salansa na gogar ƙasa, kuma in iyalin sun kai shida za ku matsu. Ranar sayarwa kuwa ba ta kwana a hannun dillali.

Baban Iman, Kaduna:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Jiya mun je da bakanikena mun ga Outback ɗin. Furofela na nan, ƙasa babu tsatsa, a zagaye ma ba ta tirje ba. Amma tayoyin kamfani uku ne, kuma mun ga ɗan damshin baƙin mai a gefen injin ta ƙasa. Oga, in saya?

Oga Bakanike, Panteka:
Wane injin ne? In mai 2.5 ne, na 2011 bel yake amfani da shi a taimin, wato abin da ke daidaita tafiyar fistin da bawul, ba sarƙa ba, sai daga 2013 suka koma sarƙa. Ana canja bel ɗin a mil 105,000, kusan kilomita 169,000, kuma in ya tsinke fistin da bawul karo suke yi, injin ya tashi aiki. Tunda babu takardar canji, ka ɗauka ba a canja ba. Damshin da ka gani yana iya zama gaskit ɗin murfin bawul, wannan ƙaramin aiki ne. In kuwa daga gaskit ɗin kan silinda ne, injin a kwance yake, kai biyu gare shi, yawanci sai an sauke shi. A wanke wurin, a zaga da ita ta yi zafi, a sake dubawa, a leƙa robar ruwan lagireto ko akwai kumfa. In mai 2.5 ce kuma otomatik, giyarta CVT ce, wato wadda ba ta da matakan giya, manta na musamman ne, kada wani yaron gareji ya zuba maka jan man giya na yau da kullum. Ka haɗa kuɗin taya huɗu da na bel da na man giya, ka ce wa dillali ya cire daga farashi. In ya amince, ka kawo ta ranar Asabar da safe in saurari injin tun yana sanyi.