Bayan cire tallafi: wa ya gwada barin fetur, kuma me ya gani?

Mai buɗe zance, Kaduna

Assalamu alaikum jama'a. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, litar da muke saya ƙasa da naira 200 ta kai wajen 500 cikin 'yan kwanaki, zuwa Oktoban 2024 kuma ta haura 1,000 a wurare da dama. Daga nan kowa ya zama malamin makamashi. A majalisarmu kullum musu ake yi, wannan ya ce CNG, wato iskar gas da ake matsewa a tukunya mota ta yi aiki da ita, ita ce mafita, wancan ya ce sola, wani ya ce motar lantarki, kuma akasarin masu ɗaga muryar ko keke ba su taɓa sauya wa taya ba. Don haka nake roƙo, wanda ya zaro kuɗi daga aljihunsa ya gwada wani abu a madadin fetur ko dizal, ya zo ya ba mu labari. Masu talla ku yi haƙuri, ba yau ba.

Direban tasi, Kubwa

Wa alaikumus salam. Ni na mayar da motata CNG a 2024, kuma gaskiya ban yi nadama ba. A lokacin ana sayar da kubik mita ɗaya naira 230, shi kuwa a tafiya kusan daidai yake da litar fetur ɗaya. To ku yi lissafin da kanku. Abin da nake kaiwa gida da yamma ya canja, har uwargida ta lura tun kafin in faɗa mata.

Amma kada wani ya ce muku kyauta ce. Tukunyar gas ɗin ta cinye rabin but, fasinja mai manyan jakunkuna sai dai in ba shi haƙuri. Motar ta ɗan rage ƙarfi, idan na cika ta da mutane a hawa za ka ji tana nishi. Sannan tukunya ɗaya ba ta kai ni yini. Babbar matsalar ita ce layi. Wata rana ka baro gida da asuba, hantsi ya yi maka a gidan gas, idan ba ka yi sa'a ba a ce ƙarfin iskar ya sauka, tukunyarka ba za ta cika ba. Dole kullum akwai ɗan fetur a tanki, da shi ma motar take tashi kafin ta koma kan gas.

Ɗan Adaidaita, Kano

Oga, kai a Abuja kake, shi ya sa bakinka ya yi daɗi. Mu nan gas ɗin a manyan motoci ake kawo shi daga kudu, ranar da mota ba ta iso ba shi ke nan. Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano, wanda aka ce kilomita 614 ne, tun 2020 Buhari ya ƙaddamar da aikinsa, mun daɗe muna jin "ya kusa". Abokina da ya sauya nasa babur ɗin sai ya ƙona fetur ya tsallaka gari kafin ya je inda zai sha gas, ya dawo ya tarar fasinjojin safe sun watse.

Kuma akwai abin da masu magana a rediyo ba sa faɗa. Yawancinmu ba mu ne masu babur ɗin ba, balas muke kaiwa kullum. Mai babur ba shi yake sayen mai ba, to me zai sa ya kashe kuɗi ya sauya? Ni kuma da nake sayen man, yaya zan zuba kuɗina a kan kayan da gobe za a iya karɓe makullinsa? Wanda na sani da maigidansa ya sauya masa, a satin aka ƙara masa balas.

Bakanike, Panteka

Ɗan'uwa na Kano ya faɗi gaskiya, amma ni abin da ya kawo ni daban ne. Don Allah jama'a ku bambanta iskar gas ta mota da gas ɗin girki. Wanda ake zubawa a tukunyar girki ruwa-ruwa yake a ciki, matsinsa kaɗan ne. CNG kuwa ana danna ta ne har ma'aunin matsi ya kai 200, wato kusan sau ɗari na iskar da ke cikin tayar ƙaramar mota. Tukunyarta a dunƙule ake ƙera ta, babu walda a jikinta ko ɗaya. Duk wanda ya nuna maka tukunya mai alamar walda ya ce ta CNG ce, ka tashi ka bar wurin.

Ba tsoratarwa nake yi ba. A Oktoban 2024 mota ta tarwatse a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo, mutane suka jikkata, bincike kuma ya nuna tukunyar haɗin gida ce aka sa mata. Ni da idona an kawo mini mota garejina, mai ita yana murna ya samu araha, na buɗe but na ga an ɗaure tukunya da igiyar roba irin ta 'yan kaya, bututun kuma yana gogar ƙarfe. Na ce Alhaji, ko dai a kwance wannan yanzu ko a fitar mini da motar daga nan. Ya yi fushi ya tafi, daga baya ya aiko yaronsa da ita.

Idan aikin ya yi kyau, ni na fi natsuwa da CNG a kan fetur. Ba ta kai iskar da muke shaƙa nauyi ba, in ta yi yoyo sama take yi ta baje, ba kamar gas ɗin girki da yake kwanciya a ƙasa yana jiran ashana ba. Man juye ma ya fi daɗewa bai yi baƙi ba. Sai dai injin ya fi ɗaukar zafi, don haka a kula da filogi da bawul da lagireto. Motar da dama can tana tafasa a go-sulo, a gyara ta tukuna. Kuma tukunya tana da ranar ƙarewa a rubuce a wuyanta, ana kuma gwada ta lokaci-lokaci. Mu ba mu saba da wannan ba, mun fi sabawa da amfani da abu sai ya mutu a hannunmu.

Mai ƙanƙara da zoɓo, Zariya

Maza duk kun koma kan mota, kamar a mota kaɗai ake ƙona fetur. Ni janareto ne ya kusa tsayar mini da sana'a. Firiza biyu nake da su, ina yin ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Lokacin da Arewa ta shiga duhu a ƙarshen Oktoban 2024, bayan an lalata layin wutar Shiroro, fiye da mako guda ba mu ga ƙyallin wuta ba. Kuɗin fetur ɗin da janareto yake sha ya fi cinikin yini, kunun aya kuwa kun san ba ya jira, haka na zubar da shi ina kallo.

Da na kwashi adashina sai na haɗa da abin da na samu na sayar da tunkiya, na sa sola. Da rana babu abin da zan ce sai godiya, firiza tana aiki tun hantsi har la'asar. Batir ne ciwon kai. Wanda aka fara sa mini mai ruwa ne, mai shagon ya rantse sabo ne, bai yi shekara ba ya daina kai ni tsakar dare. Ashe tsoho ne aka wanke aka sake masa kwali. Yanzu dabarar da nake yi, in daskarar da komai da rana, da magariba in kashe firiza in lulluɓe ta da bargo. Batir na litiyom ake ta yabo, amma kuɗinsa sai wane da wane.

Manomin rani, Kura

Hajiya, ki gode wa Allah, kin riga kin gano sirrin, wato a yi aikin lokacin da rana take sama. Mu a fadama ba ma buƙatar batir sam. Farantai ne da famfo da mesa. Rana ta fito ruwa ya taho, rana ta faɗi ya tsaya.

Wanda bai yi noman rani ba ba zai san yadda cire tallafi ya taɓa mu ba. Wanda gonarsa take kan hanyar ruwan madatsar Tiga da sauƙi, amma mu da muke jawo ruwa daga rijiya da inji, shinkafa tana son ruwa kusan kullum, tumatir da albasa ma ba sa wasa. A kakar farko bayan tashin mai, maƙwabtana da yawa rabin gona suka shuka. Wasu suka sa wa injinsu kafireton gas ɗin girki, ya taimaka na ɗan lokaci, sai shi ma gas ɗin ya tashi. Ni da ƙanena muka haɗa kuɗi muka sayi famfon sola, tun daga ranar ban sake ɗaukar jarka zuwa wajen 'yan bunburutu ba.

Aibinsa? Ba ya turo ruwa da ƙarfi irin na injin fetur, gonar da kake gamawa kafin azahar sai ta kai ka la'asar. Lokacin hazo dole yaro ya riƙa goge farantan, in ba haka ba ruwan ya koma kamar na buta. Sai ɓarayi. Ba a barin faranti ya kwana a gona, kullum mu ɗora a amalanke mu kai gida, da safe mu dawo da shi. Wajen wannan jigilar muka fasa guda. Duk da haka, da a ce gwamnati za ta tambaye ni, da na ce kuɗin da ake kashewa a taron ƙaddamar da wannan da wancan a ba manoma bashin famfo, su biya bayan girbi.

Alhaji mai motocin haya, Funtuwa

Ku dai yara ne. Mu mun ga irin wannan zumuɗin ba sau ɗaya ba. An taɓa cika mu da labarin cini da zugu, wai za a matse 'ya'yansa a samu man da zai maye gurbin dizal, wasu har gonaki suka ware. Ina man? An ce za a yi fetur da rogo da rake. Ga injinan iska na Lambar Rimi nan a Katsina, aikin megawat 10 tun zamanin marigayi 'Yar'aduwa, shekara da shekaru ana kallonsu a tsaye. Ita ma CNG arahar da kuke gani hannun gwamnati ne a ciki. Ranar da kowa ya sauya, wa ya ba ku tabbacin ba za a tashi wata safiya a ce wannan tallafin ma ya ƙare ba? Motocina suna zuwa Sakkwato, suna zuwa Gusau, a ina direba zai sha gas a hanya? Matatar Dangote ta fara fitar da fetur tun Satumban 2024, ni zan jira in ga inda farashi zai tsaya.

Direban tasi, Kubwa

Alhaji, Allah ya ƙara girma, ai an riga an fara ƙara kuɗin gas ɗin, ba ma musu. Amma ko ninka shi aka yi bai kamo fetur ba. Kuma shi kansa Dangoten da kake jira, motocin dakon man da ya sayo masu amfani da CNG ne. Maganar doguwar hanya dai na sallama maka, ni ma in zan je gida ganin iyaye da fetur nake tafiya.

Ɗan kasuwa, Maraɗi

Gaisuwa ga 'yan'uwa na Najeriya. Mu abin ta fuska biyu ya same mu. Da can fetur ɗinku mai araha shi ne yake cika kwalabe a bakin titunan Maraɗi da Ƙonni, da kuka cire tallafi sai wannan hanya ta ƙafe, kowa ya koma kan man matatar Damagaram, wadda ganga 20,000 take iya tacewa a rana. Sannan bayan juyin mulkin Yulin 2023 Najeriya ta yanke mana wuta, alhali kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkinmu daga wajenku yake zuwa. Watanni muka yi a haka. A lokacin ne na sa farantai a rufin shagona, kuma ba ni kaɗai ba, duk mai ɗan hali a layinmu ya sa. A Yamai tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta rage musu zafi. Ko da wuta ta dawo ban cire nawa ba. Abin da na koya a aikace, a watan Afrilu da rana ta fi ƙuna farantan ba su fi ba da wuta ba, zafi yana rage musu ƙarfi, sai an ɗaga su daga jikin kwano iska tana ratsawa ta ƙasa.

Ɗaliba, Maiduguri

Ni ban sayi komai ba, fasinja ce kawai. Na hau motocin lantarkin da gwamnatin Zulum ta kawo a ƙarshen 2023, kuɗinsu ya fi na Keke Napep sauƙi, ba ƙara, ba hayaƙi. Matsalar ba su isa ba, in kana sauri ba za ka tsaya jiransu ba. Tambayata ga Baba bakanike: idan mutum ya sayi babur mai ƙafa uku na lantarki a garin da wuta ba ta tsayawa, a ina zai yi caji? Kada a ce da janareto, don in haka ne ai fetur ɗin dai aka koma wa.

Bakanike, Panteka

'Yata, tambayarki ita ce tambayar. Wanda zai sayi na lantarki ya fara neman inda ake musayar batir, ka ba da wanda ya ƙare a ba ka cikakke, su kuma su yi cajinsa da sola da rana. In babu irin wannan wurin kusa da hanyar da kake bi, kada ka saya tukuna, don ba za ka ajiye babur yini guda a rana yana caji kana asarar fasinja ba. Sannan ka tambayi kuɗin sabon batir kafin ka tambayi kuɗin babur ɗin, shi ne abu mafi tsada a jikinsa, kuma da dala ake shigo da shi. Ka kuma tambaya wa zai gyara maka a garinku. Ni shekaruna a kan inji ne, in aka kawo mini na lantarki yau sai dai in kira yaron da ya koyi wayarin.

Ɗan Adaidaita, Kano

Baba, to ni da nake kai balas fa? Akwai masu bayar da na lantarkin a biya a hankali har ya zama naka, ko sai mai kuɗi a hannu? Duk wanda ya karɓa ta wannan hanyar a Kano ya faɗa mana nawa yake biya a rana, kuma in batir ya mutu kafin ya gama biya, a wuyan wa yake.