Wane Suna Za Mu Ba Furen Rhododendron a Hausa?

'Yan uwa masu sha'awar harshe, ina neman shawararku a kan sunan wani tsiro da babu shi a ƙasar Hausa, hasali ma babu nau'insa ko guda da ke fitowa da kansa a Afirka. Abin da ya jawo maganar shi ne wani nau'i da ba kasafai ake samunsa ba, Rhododendron prunifolium, wanda a daji yake tsirowa a kwazazzabai masu inuwa a bakin rafukan kwarin kogin Chattahoochee, tsakanin jihohin Jojiya da Alabama a Amurka. Lambun Callaway da aka buɗe a 1952 a Jojiya yana renonsa, har ya mai da jan furensa mai ratsin ruwan lemo tambarinsa.

Sunan ya fito daga Girkanci, inda rhodon ke nufin wardi, dendron kuma itace. Shi ya sa wani malaminmu ya kawo shawarar "itacen wardi". Allah ya gafarta Malam, fassarar ta yi daidai, sai dai mai karatu zai zaci daga shi ake samun ruwan wardi, alhali ba danginsu ɗaya ba, kuma wasu nau'o'insa na ɗauke da dafin da ke shiga har cikin zuma, kamar yadda aka sani a Turkiyya da Nepal. Aron kalmar kuwa, mu ce "rododandaron", ya yi wa harshe nauyi.

Ni na fi karkata ga "wardin tsauni" a matsayin sunan dangin duka, domin yawancin nau'o'insa sama da 1,000 a tsaunukan Himalaya da kudu maso yammacin Sin suke, kuma kalmar tsauni tana nuna cewa ba wardin da aka saba ba ne, kamar yadda gwandar daji ba gwandar gida ba ce. Na san za a ce wannan na Jojiya ɗan kwari ne, to amma ai dankalin Turawa ma a Filato ake noma shi, sunan bai canza ba.

Shi kansa nau'in, sunansa na Latin yana kwatanta ganyensa da na wani ɗan itace da ba mu da shi, don haka gara a duba halinsa. Sai Yuli da Agusta yake fure, bayan yawancin 'yan uwansa sun daɗe da kaɗewa. Ina ganin "wardin tsauni mai makara" ya dace da shi, sai dai in akwai mai wanda ya fi wannan gajarta.